Ƙaimin Jatau

Shekarar da gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, Nasara ya koro mutane kan tudu, ya sa aka ja layi da igiya, aka kakkafa turaka, aka ce kowa ya yi gida inda turkensa yake. Turke kuwa bai san dangi ba, bai san mai salla da wanda ba ya yi ba. Da haka Uwani, 'yar Annan Jiratawa, mutanen da ba su saki bautar kakanninsu ba, ta wayi gari zana ɗaya ce tsakaninta da Zuliha matar wani maɗinki, a gida na ƙarshe a layin, inda tudu ke gangarawa fadama. Abin da ta fitar daga ruwa bai kai yatsun hannu ɗaya ba: kaskon tuyar ƙuli-ƙuli, turmi, da wani jan zakara da ta ɗoro a ka cikin kwando.

Dariyar da aka yi mata ba kaɗan ba ce. Mace ta bar gado da tabarmi da damman gero ruwa ya yi gaba da su, ta ceci zakara! Uwani ba ta tsaya yi wa kowa bayani ba, don ba halinta ba ne, amma bayanin gajere ne. Damina biyu ke nan da gardawan kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, suka zo ɗibar maza aikin hanya, aikin tilas ɗin nan da ake tafiya ba a san ranar dawowa ba, igiya ta faɗa kan mijinta Kabo. Kafin a fita da shi ya roƙi a bar shi ya sha ruwa. Ya shiga tsakar gida ya cafko zakaran, lokacin bai daɗe da fara cara ba, ya ɗaga shi ya fuskanci Jiratawa inda tsamiyar gidansu take, ya gaya wa iskokin kakanninsa cewa in ya komo a kan ƙafafunsa, wannan nasu ne. Daga ranar zakaran, Jatau, ya tashi daga kazar gida ya zama ajiya. Wuƙar Kabo kaɗai ce za ta hau wuyansa, a gindin tsamiya, kuma iskoki ba sa karɓar gurgu ko mai miki. Uwani ta riƙe wannan da hannu biyu. A ganinta, muddin Jatau yana takawa lafiya akwai alkawarin da ke jiran Kabo, kuma wanda alkawari ke jira dole a buɗe masa hanyar gida.

Jatau kuwa ya ci geron ajiya ya yi ƙiba, ya yi girman kai. Ƙirjinsa ja jawur, wutsiyarsa baƙa mai sheƙi, kowace ƙafa da ƙaimi dogo mai lanƙwasa, tsawon ɗan yatsa. Karnukan layin sun san ƙaimin nan, ba sa bi ta ƙofar Uwani sai sun raɓe.

Ran wata Litinin da hantsi, Uwani tana gaban kasko, Maliki ya faɗo gidan ba sallama. Gardi ne, cikin masu jar hula da bulala waɗanda kumandan ke aikawa in yana son abu. Ɗan Tsibiri ne, Uwani ta san uwarsa tun tana tallan daddawa, shi kansa ta san shi tun majina na kai masa baki. Amma an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ita kuma jar hula in ta hau kan yaro takan toshe masa kunne.

"Inna, kumandan shina da baƙi," in ji shi. "Kowane gida kaza guda."

"Ga ta can bakin zana. Ɗauka ka ba ni wuri, man ga na ƙonewa."

Ya kama tsohuwar kazarta, ita ke nan gare ta, ya ɗaure mata ƙafafu. Da ya fita a nan, da babu labari. Sai Jatau, wanda bai san bariki ba balle ya ji tsoronta, ya haye kan turmi, ya buga fiffike, ya yi cara a tsakiyar hantsi.

Maliki ya juyo. "A'aha! Wanga hwa? Kuku ya ce a samo mishi babban zakara, babban baƙo na tahowa daga Yamai."

"Wanga ba na ci ba ne. Ajiya ce, shina da mai shi."

"Duk abin da ke ƙasar ga na kumandan ne, Inna."

Ya ajiye kazar ya kai wa Jatau cafka, ya samu ƙafa ɗaya. Jatau ya yi abin da ya saba yi wa karnuka, ya kafta masa ɗayan ƙaimin a wuyan hannu. Maliki ya yi ƙara, ya wurga hannu, ƙafar zakaran ta daki bakin turmi, aka ji ƙas. Da ya ɗaga shi sai ga ƙaimin hagu ya tsage tun daga gindi, yana lilo, jini na ɗiga a kan wandon kakinsa.

Nan idon Maliki ya raina fata, ba don tausayi ba. Madam matar kumandan ba ta karɓar abu mai rauni. Kwanakin baya an kai mata kaza mai ƙurji a ido, ta jefi kuku da ita, shi kuma kuku ya sauke fushinsa a kan gardin da ya kawo. Ya yar da Jatau a ƙasa.

"Ki yi mishi magani," ya ce yana tsotsar hannunsa. "Baƙon sai Jumma'a ta sama. Ran nan ni komo in ɗauka. In kuwa na iske ya ɓata, na san hanyar Jiratawa, na san gidan da za ni. Kuma na san mai zanar ga ta kusa da ke."

Ya ɗauki kazar ya fita. Uwani ba ta bi shi da ko kallo ba. Ta sauke kasko, ta yaye mayafinta ta jefa kan Jatau, ta naɗe shi fiffike da kai har ya daina fizga, ta bar ƙafar kawai a waje. Haushi na cinta, amma ta san jini ba ya jiran a huce. Ta ɗebo toka mai sanyi daga gefen murhu, ta tankaɗe ta a tafin hannu don kada gawayi ya shiga, ta cusa a gindin ƙaimin ta danne da babban yatsa.

"Uwani, lahiya? Na ji ƙara." Kan Zuliha ne ya leƙo ta saman zana.

"Zagayo ki riƙe mini shi."

Zuliha ta san ko Jatau na mene ne, ta kuma sha cewa a'uzubillahi a kansa. Amma ta zagayo, ta zauna a ƙasa ta rungume ƙunshin a cinyarta tana cewa sannu, sannu, kamar mai lallashin jariri. Tokar farko ta jiƙe ta yi ja, aka sake wata, aka kuma sakewa. A ta huɗu jinin ya tsaya.

Da azahar Nomau ya iso, ƙanen Kabo. Litinin ranar kasuwar Maraɗi ce, ya kawo dankali daga Jiratawa a kan jaki, ya biyo ya ba matar wansa abin da ya rage a mangala. Ya shigo yana jan ƙafar dama, ƙwaurinsa ɗaure da tsumma, ƙudaje na bin sa. Kowa a Jiratawa ya san gyambon Nomau, kowa kuma ya san ba Allah ne ya saukar masa ba. Ranar da aka ji masu ɗibar aikin hanya na tafe, ya yanki ƙwaurinsa da aska ya ɗiga nonon tumfafiya. Lokotoro, likitan Nasara, ya duba ya toshe hanci ya ce a kore shi. Tun daga nan duk lokacin da mikin ya fara haɗa baki sai Nomau ya sake ɗiga masa. Ya ba wa Kabo wannan shawara a lokacin, Kabo ya ƙi.

Ya saurari labarin yana zaune a kan turmi, ya karɓi Jatau ya duba ƙafar, sai ya yi murmushi.

"Matar yaya, ai Maliki ya yi miki aiki bai sani ba. Mi za ki warkar? Bar shi haka nan. Ga tumfafiya can bayan zana, ɗigo guda kowace sahiya. Ran Jumma'a ya iske ƙahwa ta kumbura tana wari, shi da kanshi za shi gudu."

Zuliha ta ce, "Wallahi maganar tasa abin dubawa ce."

Abin dubawa ce kuwa, shi ya sa ta ƙona wa Uwani rai. Ta ga abin sarai yadda yake. In ta warkar da Jatau ta gyara wa kuku nama, in ta bar shi da ciwo ya tsira daga tukunyar Madam. Ta dubi ƙafar zakaran, ta dubi tsumman ƙwaurin Nomau da ƙudajen da ke kansa.

"In na ruɓar mishi da ƙahwa, ran da yayanka ya komo mi za shi kai gindin tsamiya? Gurgu?"

"In ya komo sai a bar mikin shi warke."

"Kamar yadda naka ya warke?"

Nomau ya ɓata fuska. Akwai wasa tsakanin mace da ƙanen mijinta, amma wannan ta wuce wasa, su duka sun sani.

"Ni dai ga ni gida," ya ce. "Ina noma, ina cin tuwo. Mai ƙahwa lahiya lau ɗin, ina shike?"

Maganar ta soki Uwani. Damina biyu ba saƙo ba labari, sai jita-jitar waɗanda aka binne a bakin hanya. Ta miƙe tsaye.

"Aradu, ban nakkasa abin da ke nawa don ɓarawo shi raina shi. Sun ɗauke mini miji, sun ɗauke mini kaza, yanzu kuma in kama musu aiki da hannuna? Ba ni dankali guda, mai kauri."

"Dankali kuma?"

"Ba ni dai."

Wannan sani ne da ta gada wurin kakarta, wadda ta yi kiwon kaji har ta tsufa. Ƙaimin zakara kube ne, kamar na wuƙa. Na wajen ƙaho ne matacce, a cikinsa akwai ɗan tsiro mai rai, mai jini. In kuben ya tsage aka bar shi, ƙasa da kashin kaji su shige ƙarƙashi, ciwo ya ci ya kai ƙashi. Dole ya fita, kuma in aka fizge shi da ƙarfi sai ya taho da na cikin.

Ta tura dankalin cikin rushi har ya nuna ya yi laushi. Ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta naɗe ƙwaurin Jatau da yatsunsa don kada zafi ya taɓa fata. Nomau, da fushinsa da komai, shi ya riƙe zakaran, don hannunsa ya fi ƙarfi. Ta ciro dankalin da ƙyalle, ta soka shi a kan ƙaimin a hankali har ya kusa gindi, ta tsayar da shi bai taɓa ƙafa ba. Jatau ya yi wani gurnani a cikin mayafi. Ta riƙe, tururi na cin yatsunta, har Zuliha ta gama tankaɗe garin bagaruwar da aka sa ta daka. Sannan ta zare dankalin, ta kama kuben da ƙyalle, ta murɗa hagu, ta murɗa dama, kaɗan-kaɗan. Sai ya saki ya zamo a hannunta. Ga ɗan tsiron nan a fili, ja, ɗanye, gajere, yana tsattsafo da jini.

Ta wanke shi da ruwan ɗumi mai gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa ya sha jinin, ta shafa man kaɗe a kewaye. Ta yago bakin zanenta, ba tsohon tsumma ba, zanen da take zuwa kasuwa da shi, ta naɗa sau uku ta ɗaure da zare, ta zura ɗan yatsa ta tabbata bai matse ba. Ta share akurki ta zuba sabon yashi, ta sa shi ciki ta toshe ƙofa, don kajin Zuliha na shigowa ta ƙasan zana, kaza kuwa in ta ga ja ba ta barinsa sai ta tsattsage. Dankalin ta ɓare ta ba Jatau ya ci.

Nomau ya kama jakinsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ki ba ni shi in tahi da shi, in ɓoye."

"Ka ji abin da Maliki ya ce. In ya iso Jiratawa ba zakara kaɗai za shi duba ba, har tsumman ga naka sai ya kwance."

Nomau ya ja ƙafarsa ya tafi.

Kwana biyu abin ya tafi daidai. Safe da la'asar Uwani takan jiƙa ɗaurin da ruwan gishiri har ya saki da kansa, ta wanke, ta kai hancinta ta sansana, ta sake bagaruwa da mai, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Zanen kasuwa ya yi ta raguwa. A rana ta uku ta taɓa ƙafar ta ji zafi, gindin ƙaimin ya kumbura, Jatau ya ƙi taka ta, ya ƙi gero, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido. Tsoro ya kama Uwani irin wanda bai kama ta ba ko ranar da ruwa ya shigo ɗaki. Ta dama lalle ta shafe ƙwaurin don ya ja zafin, ta jiƙa gero ta buɗe bakinsa tana tura masa ƙwaya-ƙwaya, ta ɗiga masa ruwa da yatsa. Ranar ko wuta ba ta hura ba, masu sayen ƙuli-ƙuli suka zo suka koma.

Kwana biyu ana wannan, ran na uku da safe ta buɗe akurki sai ya fito da kansa, ya taka ƙafar, ya ɗingisa, ya sake takawa, ya kai wa ƙwaryar gero sara. Kumburin ya saɓe, tsiron ya bushe ya fara yin duhu. Uwani ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida, har Zuliha ta leƙo ta ce ko Kabo ne ya dawo.

Murnar ba ta kai azahar ba, don Uwani ta iya ƙirga kwanaki. Kowace safiya ƙafar na ƙara kyau, kowace safiya Jumma'a na ƙara matsowa. Ran Laraba ta ga Jatau ya yi tsalle ya haye turmi ba ɗingishi, amma abin bai yi mata daɗi ba. Ta fita bayan zana, ta tsaya gaban tumfafiyar nan. Ta karya ganye ɗaya, farin nonon ya taru ya ɗigo mata a yatsa. Ɗigo ɗaya yau, ɗaya gobe, shi ke nan, ba mai sani sai ita. Ba za a ce ba ta so ba, ta so ƙwarai, ta daɗe tsaye tana kallon yatsan. Sai ta tuna yadda Jatau ya miƙa mata ƙafar da safe, ya daina fizga, ya saba hannunta ba ya cutar da shi. Kunya ta rufe ta. Ta jefar da ganyen, ta goge yatsan da ƙasa, ta koma ta wanke hannu har sau biyu kafin ta taɓa shi.

Zuliha ta ce ta ba ta shi ta kife shi da masaki a ƙarƙashin gado, zakara in bai miƙe wuya ba ba ya cara.

"In anka same shi ɗakinki, mijinki za su kama," in ji Uwani. "Laihin ga nawa ne, ba ni rabawa da kowa."

"To mi za ki yi?"

"Ke dai ran Jumma'a kada ki cika randarki da wuri."

Ran Jumma'a da hantsi Maliki ya zo da igiya a hannu, wuyan hannun nasa ɗaure da farin bandeji na bariki. Bai sami shiga ba, don Uwani ta riga ta fito ƙofar gida ta tsaya a tsakiyar layi, Jatau a hammatarta. Ta yi wanka, ta ɗaura abin da ya rage na zanen kasuwa. Matan layin sun firfito, masu daka sun jawo turamensu bakin hanya, tsofaffi sun zauna a inuwa. An san ranar, kowa na son ganin yadda za ta ƙare.

"Madalla, Inna," in ji Maliki. "Kin kyauta. Kawo shi."

"Tsaya ka gani tukuna, kada ka tahi ka ce ban yi aiki ba."

Ta kwance ɗaurin a gaban kowa, ta ɗaga ƙafar. Ba kumburi, ba ruwa, ba wari. Tsiron ya bushe ƙam, sabon ɓawo ya fara rufe shi.

"Kun gani?" ta ce da ƙarfi, tana juyawa don na nesa ma su gani. "Ɗan ga ya karya, ni na gyara. Maliki, akwai sauran aibi?"

"Babu, Inna. Ko Madam ba ta samun abin cewa."

"To ka shaida."

Ta juya ta fuskanci gangare, inda karan dawa da ciyawa suka rufe fadama har zuwa kangon tsohon gari. Ta riƙe Jatau da hannu biyu, ta yi baya da shi, ta cilla shi sama iyakar ƙarfinta. Ya buɗe fiffike ya tsallake zana, ya dira a kan ƙafafunsa biyu, ya zuba da gudu, ƙasa na tashi a bayansa.

Maliki ya yi ashar ya bi shi. Abin mamaki, layin da Nasara ya auna da igiya don ya miƙe sai ga shi ya cika da cikas. Wata ta ga daidai lokacin ne za ta mirgino turminta, wata akuyarta ta kwance, wata tsohuwa ta tsaya a tsakiyar hanya tana neman sandarta, sandar kuwa tana hannunta. Kafin ya kai bakin gangare jar hularsa ta faɗi, ya dawo ya ɗauka, ya sake zubawa. Ya shiga karan dawa ana jin sa yana fasa su, ya ɓullo can, ya sake nutsawa. Ba wanda ya yi dariya a fili, amma mayafai da yawa sun rufe baki. Zuliha ta fito da tulu a ka da ɗan gero ƙulle a bakin zane, ta ce randarta ba ko ɗigo, ta bi wata hanyar ta gangara fadama ba ta waiwayo ba.

Maliki ya komo hannu wofi, ƙaya ta yage masa kaki, gumi na zuba. Ya ɗaga bulala ya sauke wa Uwani a kafaɗa, sau ɗaya, sau biyu. Ta ji zafin har cikin haƙoranta, hawaye ya cika mata ido, amma ba ta durƙusa ba. A ta uku ya dubi layin, ya ga idanun da ke kansa, duk na mutanen da suka san uwarsa, ya sauke hannu.

"Kin san abin da kinka jawo ma kanki? Kaso ne. Kwana goma sha biyar, in kumandan ya ji tausayi."

"Na sani. Ba Jiratawa a ciki, ba maƙwabta. Kowa ya ga hannun da ya jefa."

Igiyar da ya kawo don ƙafar zakara ita ya ɗaura mata a ƙugu. Uwani ta ji tsoron kaso, gidan yarin bariki, ta ji labarin ɗaukar duwatsu da kwarkwata da tuwon dusa. Amma da suka kama hanyar bariki sai ta ɗaga murya yadda za ta kai gangare.

"Wanda duk ya tsinci ajiyar mutane, ruwan ɗumi da gishiri, sahe da marece! Kada a ɗaure da ƙarhi! Kada a bar shi cikin kaji sai ɓawon ya yi tauri! Gero jiƙaƙƙe ya hi so!"

"Yi mini shiru!" in ji Maliki.

Ta yi shiru, don ta gama. Suka bi layin, ita a gaba shi a baya, mata na cewa sannu Uwani, Allah shi kiyaye, ita tana amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya biki. Da suka fita daga cikin gidaje, farin ginin bariki ya bayyana a gabansu da tutarsa, sai tafiyar Maliki ta ragu. Ya dubi yagaggen kakinsa, ya dubi hannunsa da ba komai sai bakin igiya. Muryarsa ta koma ta yaron da take ba ƙuli-ƙuli a kasuwar Tsibiri.

"Inna, don Allah, yanzu mi za ni ce ma kuku?"

Uwani ba ta ko rage sauri ba.

"Ka ce mishi ya warke."